Akwatuna biyu a zauren Kawu

A wata unguwa ta Birnin Damagaram akwai wani tsohon ma'aikacin gidan radiyo wanda ya aje aiki da daɗewa. Ba ya da mota, ba ya da garke. Abin da ya mallaka mai daraja shi ne lasifika biyu ƙanana, kowace tsawonta bai wuce santimita 30 da ɗan kai ba, waɗanda ya saya hannun wani Bature da zai koma gida, yau shekara arba'in ba kaɗan. Baƙon da ya shigo zauren sai ya ɗauke su akwatunan ajiyar takardu.

Sunansu LS3/5a. Injiniyoyin BBC, gidan radiyon nan da ke magana da Hausa tun 1957, su suka tsara su wajen 1975, don motocin ɗaukar shiri a waje, inda babu wurin aje babbar lasifika. Ba don kiɗan biki aka yi su ba. An yi su ne don mai haɗa shiri ya ji muryar ɗan Adam kamar yadda ta fito daga maƙogwaro, ba ƙari ba ragi. BBC ba ta sayar da su da kanta. Ta ba kamfanoni irin su Rogers, Spendor da Harbeth izinin ƙerawa, bisa sharaɗin kada su kauce wa ma'aunin ko kaɗan. Cikin kowane akwati, wanda faɗin cikinsa bai fi lita 5 ba, akwai baki biyu na kamfanin KEF: babba mai milimita 110 don kaurin sauti, da ƙarami mai milimita 19 don siririn sauti.

Turawa suna kiran irinsu lasifikar kantar littattafai, amma tsohon bai taɓa ɗora su kan kanta ba. Ya sa maƙeri ya yi masu ƙafafun ƙarfe, ya janye su daga bango, ya aje kujerarsa daidai inda ita da su suka zama kamar duwatsun murhu. Daga nan kaɗai abin mamakin yake faruwa. In ya sa faifan Ɗan Maraya Jos, akwatunan sai su ɓace: mawaƙin ya zauna tsakiyar zaure, ana jin bugun yatsa bisa tsirkiyar kuntigi, ana jin numfashin da yake ja kafin baiti. In kuwa tambarin fada ne, sai su gaza. Ƙaramin akwati ba ya iya tura iskar da za ta girgiza ƙirji, kuma sautin da ya yi ƙasa da hertz 70 ba ya samun hanya. Tsohon ya san wannan, bai kuma taɓa ɓoye shi ba. A ganinsa, gara abin da ya yi shiru inda bai iya ba, da wanda zai cika ɗaki da rugugin ƙarya. Wannan hukunci ne mai tsauri, ga shi kuwa da wuyar musantawa.

Da sanyin bana ɗan ƙanwarsa ya shigo da waya a hannu. Ya bincika a intanet, ya tarar masu tara kayan sauti a Turai da Asiya suna biyan irin waɗannan tsofaffin akwatuna kuɗin da ya fi na sabon babur. Yaron ya gama lakkol, aiki bai samu ba, kabu-kabu yake son ya fara.

"Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya," in ji shi, yana durƙushe, "ai ni zan kawo maka wata babba daga Kano, mai batir, ko an ɗauke kuran tana yi."

Tsohon bai yi fushi ba. Ya ce masa ya zauna bisa kujerar, wadda ba ya barin kowa ya hau. Ya ɗauko wani kaset da ya naɗa da kansa, ya hure ƙurar hunturu, ya sa. Muryar tsohuwa ce, mahaifiyarsa, kakar yaron, tana ba da labarin wata shekarar yunwa. Ana jin ƙarar munduwarta, da ɗan tarin da takan yi kafin ta ambaci sunan mamaci. Yaron yana goye ta rasu. Ya juya ya dubi tsakiyar zauren, inda babu kowa sai tabarma.

Abin da tsohon bai faɗa wa kowa ba shi ne, shi kansa ya daina jin munduwar. Kunnen saurayi yakan kai hertz 20.000, shekaru kuwa daga sama suke fara yanka, har "s" da "sh" su soma kama da juna. Aikin da ƙaramin bakin nan yake yi, rabinsa yanzu bango yake yi wa. Ya san inda munduwar take cikin kaset ɗin don ya haddace, ba don tana iso masa ba.

"Ɗana, me ka ji bayan ta ce Tanut?"

"Wani abu ya yi ƙara, Kawu, kamar ƙarfe."

"To, tana nan ke nan."

Aka kira sallar la'asar. Yaron ya kashe na'urar, ya ɗauko zanen da ake rufe akwatunan da shi, ya tsaya riƙe da shi. Tsohon ya sa takalmansa, ya ce masa ya dawo ranar Juma'a da lambar mutumin da zai saya, ya kuma zo da wayarsa, su fara kwafe kaset ɗin tukuna.