Madubin Umma

Duk wanda ya san Ummanmu ya san mace ce mai son ado. Ko ba ta da unguwar zuwa, in ta idar da sallar walaha sai ta tsaya gaban madubi ta zizara kwalli ta kashe ɗaurin ɗankwali. To a shekarar 2022 hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo mu daga asibiti sai ya zamana a kan keken marasa lafiya take wuni, madubin ɗakinta kuwa yana can kafe a bango daidai tsayinta na da. Daga inda take zaune ba abin da take hangowa a cikinsa sai silin.

Wata uku ni nake yi mata ɗauri, ba ta taɓa cewa ya yi ko bai yi ba. Ran nan na shigo na tarar ta ɗaga murfin kwanon silba tana leƙa fuskarta, da ta ji motsina ta yi maza ta kife shi. A daren na gaya wa Yaya zan saya mata babban madubi. Ya ce, "Ke dai kin fiye neman magana. Bakinta ya karkace, in ta gani hankalinta ne zai tashi." Na ce, "Yaya, ai ta riga ta gani, a murfin kwano." Ya yi shiru.

Irin wanda nake nufi shi ne dogon nan mai tsayuwa da ƙafafunsa, wanda aka rataya tsakanin sanduna biyu, ana sunkuyo da shi ko a kishingiɗar da shi baya. Turawan Ingila kalmar Faransanci mai nufin doki suka ara suka laƙaba masa, saboda ƙafafunsa huɗu. Na ɗauka shiga kanti ɗaya ya isa, ashe sai na yi sati biyu ina yawo.

Na farkon da ya burge ni, da na tsaya gabansa sai na ga na yi tsawo na rame. Ashe mai kantin ya kishingiɗar da shi baya ne, wanda hakan kan ƙara wa mutum tsayi a ido. Da na miƙar da shi na matsa gefe, sai na ga bakin ƙofar da ke bayana ya lanƙwashe a cikinsa. Daga baya wani dattijon kafinta ya yi min bayani cewa gilashi mai kaurin milimita 3 in ya yi tsawo yana lanƙwasa, mai milimita 5 ya fi riƙe kansa. Ya ce, "'Yata, nemi miƙaƙƙen abu ki dube shi a ciki, in ya karkace to madubin maƙaryaci ne." Macen da ke tsoron fuskarta kuwa, ai ba a kai mata maƙaryacin madubi ba.

Shi ya kuma hana ni rububin mafi tsawo, domin madubin da ya kai rabin tsayin mutum ya isa ya nuna shi daga kai har ƙafa, in an daidaita shi. Abin dubawa shi ne ƙafafun: su yi faɗi don kada jikoki su ja ya faɗo musu, kuma tsakaninsu ya isa gaban keken Umma ya shiga. Sai notikan gefe biyu, su zama waɗanda ake ɗaurewa da hannu, su riƙe shi a inda aka tsayar. Sai bayansa ya zama a rufe ruf, don damshi ne ke cin gefen madubi ya yi baƙi-baƙi. A ƙarshe na auno faɗin keken da igiya na kai masa, ya haɗa min da katakon maɗaci.

Ranar da aka kawo, gabana faɗuwa yake yi. Na turo ta gabansa, Yaya na tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba, har na fara da-na-sani. Can sai ta ce, "Sunkuyo min da shi." Na sunkuyo, ƙafafunta suka bayyana. Ta dube su, sannan ta ɗaga hannun dama ta ture ɗankwalin da na ɗaura mata. Ta ce, "Haka kike fitar da ni gaban mutane wata uku? Miƙo min kwalli."

Yaya ya juya ya fita yana share ido. Har yau bakin Umma bai gama komawa daidai ba, amma ɗauri ita take abinta da hannu ɗaya, ni nawa riƙe mata bakin ɗankwalin ne kawai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.