Hawa Da Gangara A Motar Lantarki: Sakkwato Zuwa Goronyo

Ƙasar da take gabas da Sakkwato hawa biyu ce. Akwai tudu mai jan marmara da jigawa, inda ake noman gero da wake da damina. Akwai kuma fadama, wadda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke ratsawa, inda ake noman shinkafa, da albasa, da tafarnuwa, da alkama. Garuruwa da yawa suna zaune a bakin tudu, suna duban fadama a ƙarƙashinsu. Saboda haka mai zuwa Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ba ya rabuwa da hawa da gangara. Tuddan ba su kai duwatsun Jos ko na Mambila ba, amma sun isa su nuna halin mota.

A hutun makaranta na watan Disamba 2023 muka bi wannan hanya mu huɗu, a motar da ba ta shan fetur ko kaɗan. Mai motar injiniya ne, abokinmu tun muna yara. Motar irin Hyundai Kona ce, wadda aka fara haɗawa a Legas a 2020. Ba ta da tanki, ba ta da salansa, ba a kuwa yi mata juyen baƙin mai. A ƙarƙashin kujeru akwai babban batir mai ɗaukar yunit 64 na wuta, irin yunit ɗin nan da muke saya a mitar gida. Masu ƙera ta sun ce cikon batir ɗaya yana iya kai ta kilomita 480 da 'yan kai, amma direba mai hankali ba ya dogara ga wannan duka.

Sakkwatawa suna da hannu a wannan sha'ani. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya yi karatu a Birnin Kebbi da Ditiroit ta Amurka, shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa motoci ta ƙasa. A zamaninsa ne, a watan Afrilu 2021, aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Kafin mu tashi, sai da muka zauna muka yi lissafi da alkalami. Daga Sakkwato zuwa madatsar ruwa ta Goronyo kimanin kilomita 90 ne, zuwa da dawowa 180 ke nan, ban da ratsen da za mu yi zuwa Wurno. Wannan lissafi ba na wasa ba ne. Idan fetur ya ƙare wa mutum, ko a ƙauye yakan sami mai sayarwa a kwalba. Wuta kuwa ba a zuba ta a jarka. Ga shi kuma gabashin Sakkwato ya sha wahalar 'yan bindiga shekara da shekaru. Mutanen Goronyo ba su manta da harin da aka kai kasuwarsu a watan Oktoba 2021 ba, inda mutane da yawa suka rasa rayukansu. Ba wanda yake so magariba ta same shi a gefen wannan hanya da mataccen batir. Muka yanke shawara cewa ƙarfe uku na yamma za ta same mu a gida, da sauran sulusin batir a ƙalla.

Muka fita da sassafe, hazo ya rufe ko'ina. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne shiru. Ba ƙugin inji, sai ƙarar taya a kan kwalta. Wannan shiru yana da daɗi ga na ciki, amma yana da hatsari ga na waje. A Achida, inda hanya take cike da jakai, da amalanke, da 'yan kabu-kabu, mutane ba su ji zuwanmu ba sai mun kusa taɓa su. Tun daga nan abokinmu ya riƙa tafiya a hankali a kowane gari, hannunsa a kan ham.

A gaban direba akwai allo mai nuna abin da motar take ci. Sa'ad da muka fara hawan wani tudu, alamar ta yi sama, adadin kilomitan da suka rage mana ya riƙa raguwa da sauri fiye da tafiyar da muke yi. Motar dai ba ta yi nishi ba, ba a kuwa sake giya ba, gama giyar gaba ɗaya ce tak gare ta. Da muka kai bisa muka fara gangara, sai abokinmu ya ɗaga ƙafa daga totur ya ce, "Malam, dubi allo." Alamar ta koma ƙasa. Motar tana rage gudu da kanta, kamar an riƙe ta da igiya, ba a kuwa taka birki ba. Batir yana karɓar wuta.

Waɗanda suka hau keke mai dinamo za su gane wannan da sauri. Taya tana juya kan dinamo, fitila ta kama, mai keke kuma ya ji feda ta ƙara nauyi. To, injin motar lantarki yana aiki biyu. A kan hawa, batir yana ba shi wuta, shi kuma ya juya taya. A kan gangara, nauyin motar ne yake juya taya, taya ta juya inji, inji ya zama dinamo ya mayar da wuta cikin batir. Wannan nauyin da mai keke yake ji a ƙafarsa, shi ne yake riƙe motar. A bayan sitiyari akwai 'yan maɓallai biyu da direba yake ja don ya ƙara ƙarfin riƙon ko ya rage shi.

Da hantsi muka shiga Wurno. Garin yana bisa wani tsauni mai duban fadamar Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina shi ya zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. A 1853 Bajamushen matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin, a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Wanda ya tsaya a bakin tsaunin zai ga dalilin zaɓen wurin. Mahayi ba ya iya tasowa daga fadama ba a hango shi ba. Mu abin da muka hango shi ne koren albasa da alkama har iyakar ganin ido, da hayaƙin ƙananan injunan ban ruwa. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana can kudu a bakin Gulbin Sakkwato, amma lissafinmu bai ba mu damar ratsawa ba.

Muna shan fura a inuwa sai muka yi wani lissafin, irin wanda muke ba 'yan aji shida. Mota da mutanen cikinta nauyinsu kamar kilo 2,000 ne. Ɗaga wannan nauyi mita 1,000 sama yana cin yunit biyar da rabi, ban da abin da tafiyar kanta take ci. Tudu mai tsawon mita 50 kuwa rubu'in yunit ne da ɗan ɗori. A gangara ba duka yake dawowa ba. Iska tana cin nata, taya tana cin nata, wayoyi da batir suna ɗumi. Amma sau da yawa fiye da rabi yakan dawo. Motar fetur ba ta mayar da ko ɗigo. Duk ƙarfin gangararta birki ne yake ƙone shi ya zama zafi.

Masu karatunmu na Filato sun san wannan zafi. Wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san warin birkin manyan motoci, ya kuma ga ɓarakan waɗanda birkinsu ya ƙi ci. Motar lantarki tana sauka irin wannan wuri birkinta da sanyi, a shirye don lokacin bukata. Amma akwai sharaɗi guda wanda abokinmu ya nanata. "Malam, tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. Idan ka kwana a Jos ka cika batir fal, ka kama gangara, ba inda wutar za ta shiga. Motar za ta daina riƙe kanta, sai ka koma ga birki kamar kowa." Don haka mai tasowa daga kan dutse yakan tsaya a kashi 80 cikin 100, ya bar wa gangara wuri.

A kan hawa ma akwai bambanci. Injin fetur yana shaƙar iska kamar mutum, yana kuwa rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da ya hau. Injin lantarki ba ya numfashi. Shi ya sa a 2018 wata motar tsere mai lantarki ta kamfanin Volkswagen ta hau dutsen Pikes Peak na Amurka, mai tsawon fiye da mita 4,300, ta bi kwana 156 a ƙasa da minti 8, abin da ba motar da ta taɓa yi kafin ta. A ƙasar Suwizalan kuma an ƙera wata ƙatuwar tifa mai lantarki don wani wurin fasa dutse. Takan hau wofi, ta sauko da tan 65 na duwatsu, nauyin kayan ya yi ta cika mata batir a hanya.

Da tsakar rana muka isa madatsar Goronyo. An gama gina ta a 1984, tsawon bangonta ya wuce kilomita 12, an kuma tsara ta don ta riƙe ruwa mai yawan mita miliyan 942 na awon kubik. Ruwan damina ne ake tarewa a sama, a riƙa sakinsa kaɗan kaɗan da rani, manoman fadama su yi ban ruwa, mutanen Sakkwato su sha. Mutanen wannan kwari sun san abin da yake faruwa idan ruwa ya fi ƙarfin ma'aji, gama ambaliyar watan Satumba 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka da yawa. Wani dattijo mai lambu ya zagaya motarmu yana neman salansa bai gani ba. Da aka bayyana masa yadda take aiki, sai ya tambaya ko batir irin wannan zai iya juya injin ban ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, in ji shi, kuɗin mai ne yake cinye ribar albasarsa.

Ba mu daɗe ba muka juyo. Batir ya nuna kashi 68 cikin 100. A hanyar dawowa abokinmu bai wuce gudun kilomita 80 a awa ba, domin gudu ya fi tuddan nan cin wuta nesa ba kusa ba. Da yake lokacin sanyi ne, ba mu kunna na'urar sanyaya mota ba. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, lalle lissafin zai bambanta. Muka shiga gari wajen ƙarfe biyu da rabi, da saura kashi 43.

Tun daga Sakkwato har Goronyo ba mu ga wurin cajin mota ko ɗaya ba. Ko a gida ma, da na'urar caji ta bango, cika batir ɗin yana ɗaukar kusan awa 10, in akwai wuta. Kuɗin motar kuma ya fi ƙarfin malamin makaranta. Amma a rumfuna da yawa na bakin hanya mun ga faifan sola a kan rufi, ana cajin wayoyi, a wasu lambuna ma faifan ne yake jawo ruwa daga rijiya. Idan aka kafa babban wurin caji a kasuwar Achida da ta Goronyo, aka kuma sami zaman lafiya a hanya, mai motar haya da mai babur za su iya yin irin lissafin da muka yi. Kafin wannan rana ta zo, duk wanda ya sami damar shiga irin wannan mota, ya tashi da wuri, ya san nisan tafiyarsa zuwa da dawowa, ya rage gudu a cikin gari, kada kuma ya cika batir fal idan gangara ce a gabansa.