Ƙuri'ar Da Ba A Kaɗa Ba

A tsakar gidan Hajiya aka fara maganar, washegarin Babbar Sallah, ana cikin suyar nama. Wata 'yar shekara tara daga cikin yaran gidan ce ta tambaya ko da gaske akwai giwa a Najeriya, ko kuwa a talabijin kawai take. Aka yi dariya. Sai wani yayanmu ya ce, "To me zai hana mu kai su su gani da idonsu?" Kafin la'asar magana ta yi girma, an tsayar da hutun makaranta na watan Disamba, an kuma ɗora wa mu biyar daga cikin jikoki nauyin nemo inda za a je.

Hajiya kakarmu ce, ta haura tamanin. Zuriyarta gida goma sha biyu ne, mutum 61 idan aka haɗa da na goye, wasu a Kano, wasu a Zariya da Kaduna, wasu a Abuja. Mutumin da wasunmu ke kira Baffa shi ne wasunmu ke kira Kawu. Biki da suna da rasuwa ne suke tara mu, kuma ba a taɓa yin wata tafiya da za a ce ta shaƙatawa ce zalla ba. Wannan ne ya sa muka ɗauki aikin da zafi.

Biyu daga cikinmu aikin rubuta manhajar kwamfuta muke yi, don haka muka tunkari abin yadda muka saba. Muka buɗe jadawali, muka jera wurare huɗu, kowanne da nisansa da kuɗin mai da kuɗin kwana da abin da za a gani. Akwai Mambila a Jihar Taraba, tudun da ya kai kimanin mita 1,600, ga sanyi ga gonakin shayi ga shanu a kan koren tsauni. Akwai Obudu a Kuros Riba. Akwai Gurara a Jihar Neja, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. Sai Yankari a Jihar Bauchi, wanda shi ne ya haifar da maganar tun farko. Muka zuba hotuna a zauren iyali na WhatsApp, muka buɗe ƙuri'a, muka ba da mako guda.

Manya 34 ne a zauren. Mambila ta samu 11, Yankari 9, Obudu 5, Gurara 2. Muka sanar cewa Mambila ta ci, matasa suka cika zauren da murna, wasu har sun fara tambayar kuɗin rigar sanyi a Kantin Kwari.

Da daddare Goggo ta kira ɗaya daga cikinmu, ta ce ya haɗa ta da sauran. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Ku 'yan boko, kun iya lissafi ko?"

Muka ce muna dai taɓawa.

"To goma sha ɗaya da tara da biyar da biyu nawa ke nan?"

Muka ce ashirin da bakwai.

"Ina bakwai ɗin? Kun tambayi inda ake so. Ba ku tambayi wanda zai iya ba."

Ta kashe wayarta. Mun ga giɓin nan tun farko, amma mun ɗauka rashin data ne ko rashin damuwa. Kunya ta kama mu biyun nan fiye da kowa, domin a wurin aiki mun san ƙa'idar: ba a gwada manhaja a kan tsadaddiyar wayar wanda ya rubuta ta kaɗai, ana gwada ta ne a kan wayar da ta fi kowacce rauni, a inda sabis ya fi wahala. Idan ta yi aiki a can, za ta yi ko'ina. Sai ga shi da aka zo kan danginmu mun auna tafiya da aljihunmu da ƙarfin jikinmu.

Muka raba sunayen bakwai ɗin, muka bi su gida-gida, ba ta waya ba.

Biyu da gaske mantawa suka yi. Wani Baffanmu ya ce shi bai ga dalilin kashe kuɗi a je kallon dabba ba alhali ga marayu a cikin dangi. In tafiya ake so a tara a kai wani Umara. Wata 'yar'uwarmu tana da tsohon ciki, ba ta so ta faɗa a zauren da surukai ke ciki. Wani ƙaninmu aikinsa ya tsaya wata huɗu, bai gaya wa kowa ba sai matarsa, ita ma tana cikin waɗanda suka yi shiru. Ta bakwai ita ce Anti, matar yayanmu da ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ta kawo mana ruwa da cincin, ta ce ita ai ko'ina aka zaɓa daidai ne, Allah ya kai ku lafiya. Kalmar "ku" ɗin nan ce ta tsaya mana a rai. Yarinyar da ta yi tambayar giwa 'yarta ce ta biyu.

Sannan akwai wadda ba ta ma shiga lissafin 34 ɗin ba. Hajiya ƙaramar waya mai tocila take riƙewa, ba ta cikin zaure, kuma babu wanda ya tuna ya tambaye ta. Daga Kano zuwa Gembu tafiyar kwana biyu ce ga ayari irin namu, a bi ta Jalingo da Bali da Serti, sannan a hau tsauni mai kwana-kwana. Matar da zaman awa uku a mota ke kumbura wa ƙafa ba za ta iya ba. Da muka je mata da maganar, ta ce, "Ku tafi abinku, 'yan nan. Ni me zan gani da ban gani ba?" Amma ta tambaye mu sau biyu ko ruwan ɗumin nan da ake faɗa na Bauchi yana nan har yanzu. Ashe marigayi kakanmu ya taɓa zuwa da abokan aikinsa, ya dawo yana ba ta labari, ya ce wata rana zai kai ta.

Muka koma kan jadawali, muka sauya tambayar. Maimakon ina ya fi kyau, sai muka rubuta abin da ba za a iya tsallakewa ba. Kada zaman mota ya wuce abin da Hajiya za ta jure a rana ɗaya. Kada dare ya riske mu a hanya, domin babu wanda ya manta abin da ya faru da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, balle labaran manyan tituna. A samu babban asibiti a kusa saboda mai ciki da masu hawan jini. A samu inda mata za su sake ba tare da takura ba. Kuɗin kuma ya zama wanda dangi gaba ɗaya za su iya ɗauka, ganin yadda mai ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023.

Da aka bi waɗannan, Mambila da Obudu suka faɗi tun a sharaɗin farko. Gurara wurin yini ne, kuma hanyarta daga Kano ita ce wadda iyaye ba sa so. Yankari ya rage. Daga Kano zuwa Bauchi, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, kimanin kilomita 300 ne. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Idan aka kwana a Bauchi, tafiyar ta rabu biyu, kowane rabi daidai ƙarfin tsohuwa. Lokacin ma ya dace, domin da rani ciyawa ta bushe, namun daji suna taruwa a bakin Kogin Gaji neman ruwa.

Saura a gaya wa mutum goma sha ɗaya cewa ƙuri'arsu ba za ta yi aiki ba, kuma ba tare da an tona asirin kowa ba. Muka rubuta cewa saboda Hajiya ne, wanda gaskiya ne amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Yawancinsu suka ce ba komai. Wani ɗan'uwanmu na Abuja, wanda shi ya fi kowa son Mambila, ya rubuto: "In kun san ba za ku bi ƙuri'a ba, me ya sa kuka sa mu kaɗa?" Ba mu da amsa, domin yana da gaskiya. Laifinmu ne da muka fara da ƙuri'a a inda ya kamata mu fara da gaisuwa. Muka ba shi haƙuri a zaure, muka ba shi a waya. Ya ce ya ji, amma shi ba zai samu zuwa ba.

Batun kuɗi kuwa Baffan nan mai maganar marayu ne ya warware shi, shi da muka ɗauka zai zame mana ƙarfen ƙafa. Tsarinmu na farko shi ne a raba kuɗi daidai a kan kowane kai. Ya ce wannan adalcin takarda ne: mai yara huɗu da ba ta da miji za ta biya fiye da mai yaro ɗaya da albashi biyu. Ya ce a faɗi jimillar abin da ake buƙata, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa zuwa hannun mutum ɗaya, kuma wannan mutum ya rantse ba zai faɗi abin da kowa ya bayar ba, ko wanda bai bayar ba. Aka ce shi ya riƙe. Ya ce in dai haka ne ya janye maganarsa, domin tafiyar da za a kai marayu ba almubazzaranci ba ce.

Bayan mako uku ya ce abin da ya taru bai kai ba, da sauran kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba mu koma roƙo ba. Muka rage kwana uku zuwa biyu, muka soke sayen abinci a can, aka ce za a tafi da shinkafa da manja da risho, da dambun nama da soyayyun kaji a kula. A Bauchi kuma Goggo ta tuna da 'ya'yan wata ƙanwar kakanmu da rabonmu da su tun wata ta'aziyya shekara goma sha. Ta kira su. Suka ce in muka sauka a otal ba su yafe ba. Mata da yara suka kwana a gidajensu biyu, maza a shagon samari da zaure.

Mu 54 muka tafi, a bas uku da ƙananan motoci biyu, muka tashi bayan sallar asuba. Mai ciki ba ta zo ba, likita ya hana. Ɗan'uwanmu na Abuja bai zo ba, amma ya turo 'ya'yansa biyu tare da ƙanwarsa. Har yau gaisuwarmu da shi ba ta koma yadda take da ba, kuma ba za mu ce ba ta dame mu ba.

An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a ƙasar nan. Duk wannan mun karanta wa yara a mota, ba su saurara ba. Abin da ya ɗauke musu hankali shi ne gwaggon birin da ya fizge ledar burodi daga hannun Kawu tun ba mu gama sauke kaya ba, da gadu da ke yawo tsakanin ɗakuna kamar akuyar gida.

Mun fita zagaye da safe, mun ga gwambaza da mazo da tsuntsaye iri-iri. Giwa kuwa ba mu gani ba. Mai yi mana jagora ya tsayar da mota ya nuna mana kashinta da sawunta a kan rairayi, ya ce ba ta daɗe da wucewa ba. 'Yar Anti ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ƙafar ta fi farantin da ake zuba wa Hajiya tuwo. Da muka tambaye ta ko ranta ya ɓaci, ta ce a'a, yanzu dai ta san akwai ta.

Ruwan Wikki yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa ba ya wuce digiri 31 dare da rana, rani da damina. Cikin sanyin hunturu sai ka ga tururi na tashi a kansa da sassafe. Muka tsara mata su sauka da sanyin safiya kafin jama'a su fito, maza da yamma. Matakalar da ake bi a gangara tana da tsawo, don haka jikoki maza huɗu suka ɗauki Hajiya a kan kujerar roba suka sauke ta a bakin ruwa, suka hau sama suka ba mata wuri. Goggo ce ta ba mu labarin sauran. Ta ce Hajiya ta tsoma ƙafafunta, ta yi shiru, can ta ce, "Ashe Malam bai yi ƙari ba." Ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta shafa a gwiwa, ta yi masa addu'a.

A hanyar dawowa, wajen Ningi, aka fara gardamar inda za a je baɗi, 'yan Mambila suna cewa wannan karon nasu ne. Wataƙila su samu, ko da matasa ne kaɗai za su je. Amma mun riga mun yanke yadda za mu fara: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu je ɗakin Hajiya, daga nan gidan Anti, sannan mu kira ɗan'uwanmu na Abuja tun kafin a rubuta komai a zaure.