Abin da Na Tace a Bakin Binuwai

Ran Asabar da aka ba mu hutu na gangara bakin Binuwai a Makurdi, riƙe da kwano da ƙyallen tatar koko na innata. Gama malaminmu ya ce roba ba ta ruɓewa, rana da ruwa sukan farfasa ta kurum har ta zama ɓarɓashi. Wani masani, Richard Thompson na Plymouth a Ingila, ya bayyana yawansa cikin teku a 2004.

Na ɗebi yashin gaɓa, na dama cikin ruwan gishiri mai kauri. Yashi ya nutse, abin da ya taso na tace. Da na duba da madubin makaranta mai ƙara girma, sai ga zaruruwa shuɗɗa, ga gutsattsarin ledar ruwan sha. Na taɓa ɗaya da allura mai zafi, ya lanƙwashe ya narke. Ƙayar kifi ba ta yin haka.

Dafin da kan manne musu kuwa, irin su DDT, sai injin manyan ɗakunan bincike ke gano shi.

'Yan'uwa, a gaɓar nan innata take sayen kifin da take kyafawa ta biya mini kuɗin makaranta. Na wanke ƙyallenta na mayar. Ban faɗa mata ba tukuna.