Fara'a ba wauta ba ce

Kalma kamar haja take: in ta ƙetare iyaka, darajarta takan sake. Fiye da shekara 200 ke nan da Turawan Ingila suka ari kalmar bonhomie daga Faransanci. Tushenta kalmomi biyu ne masu nufin mutumin kirki. A bakin Bafaranshe tana nufin sauƙin hali, amma wani lokaci da ɗan raini a ciki, wato mai kirkin da ba ya da wuyar cuta. A Ingilishi kuwa rainin ya zube a hanya, sai sakin fuska da raha cikin jama'a suka rage. Da ita ake yabon mai masaukin baƙi, ko zaman da kowa ya tashi da farin ciki. Bahaushe ya ce fara'a.

To, a Diffa, inda kogin Komadugu ya raba ƙasar Faransanci da ta Ingilishi, wace ma'ana ce ta fi gaskiya?

Wani ma'aikaci, in an turo shi daga Yamai, yakan zauna biro ya ɗaure fuska, don kada a ɗauke shi sakarai. Dillalin tattasai da na bandar kifi sun san ba haka ba ne. Cinikin da ake yi da sefa da naira, da Barbarci da Hausa, ba takarda ke riƙe da shi ba. Gaisuwa ce, da wasa, da amana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tun harin Boko Haram na watan Fabrairu 2015, jahar ta ga dokar ta-ɓaci, da hana hawan babur, da tsayar da fataucin tattasai har zuwa 2017. Dubban ƴan gudun hijira suka sauka, maƙwabci ya fara zargin maƙwabci. A irin wannan hali ake gane tamanin fara'a. Bafillace da Babarbare, in sun haɗu, sukan yi wa juna ba'a ta abokan wasa, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014. Wanda kuka yi dariya tare, da wuya ka ɗaga masa sanda.

Saboda haka, mai kanti da mai biro, a saki fuska. Wanda ya sha wuya bai daina fara'a ba, ba wawa ba ne, jarumi ne.