Ana Gayyatar Jama'a

Ina ɗan shekara goma na fara aikin tafinta, kuma ba wanda ya taɓa biya na ko sisi. Mahaifina yadi yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa. Yana jin Hausa da Fulatanci, ya yi karatun allo har ya sauke, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Duk ranar da takarda ta zo daga ofishin haraji sai a jira in taso daga lakwal, a zaunar da ni a kan tabarma, Baba ya miƙo min ita ya ce, "Karanta mana, me Nasara ya ce?" Nasara ya tafi tun 1960, amma a gidanmu duk abin da aka rubuta da Faransanci maganar Nasara ce. In na ci karo da kalmar da ban sani ba sai in tsallake ta, in ƙara ɗaga murya don kada a gane. Allah ya yafe mini, ban san iyakar abin da na tsallake a shekarun nan ba.

Yanzu na haura talatin, ina da difloma a aikin jarida, ina gabatar da shirye-shiryen Hausa a wani gidan rediyo a nan Garwa. A takardar ɗaukar aikina "mai gabatarwa" aka rubuta, amma in za a auna yinina da mudu, fassara ta cinye mafi yawansa. Labarai da Faransanci suke zuwa. Sanarwar gwamna, ta likitoci, ta kamfanin auduga na Sodecoton game da farashi ko rabon taki, duk da Faransanci. Sau da yawa takarda tana shigowa hannuna saura minti goma sha biyar in shiga ɗakin watsa labarai. A makarantar jarida an koya mana yadda ake rubuta kanun labari da yadda ake tsare minista da tambaya, amma ba a taɓa zaunar da mu ko na awa ɗaya an ce ga yadda ake ɗauko magana daga wani harshe a kai ta wani ba. An ɗauka duk mai baki biyu tafinta ne.

Kamaru tana da harsuna sama da 250, biyu ne kawai na hukuma, Faransanci da Ingilishi. Tun 1985 akwai makarantar horar da masu fassara da tafintoci a Buea, wadda ake kira ASTI, kuma waɗanda suka fito daga can mafi yawan aikinsu tsakanin harsunan nan biyu yake, a ma'aikatu da manyan tarurruka. Mu da muke sauko da maganar zuwa kunnen mai kamun kifi da mai noman albasa, da ka muke yi.

Wahalar farko ma ita ce, wace Hausar? Dattawanmu da BBC suka tashi, wadda ta fara Hausa tun 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka, kunnensu ya saba da Hausar Kano. Matasa kuwa Hausarsu ta sha Fulatanci da Faransanci har ta ƙoshi. In na ce "jandarma" kowa ya gane. In na ce "kantoma" don in guje wa "parfe", sai wani ya bugo waya ya ce wane ne kuma wannan sabon da aka kawo mana? Kalmar jaka kaɗai ta isa misali: a wurin mai kashe sefa dubu ce, a wurin tsohon Bakano kuwa naira ɗari biyu. Muryarmu tana tsallaka iyaka, don haka duk lokacin da na faɗi kuɗi sai na ƙara da cewa "na sefa". A watan Janairun 2022, da aka kawo rukunin Najeriya na gasar cin kofin Afirka filin Rumde Ajiya, garin ya cika da 'yan Yola da Kano da Kaduna. Ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema na yi tafinta a bakin ƙofa tsakanin wani jandarma da wasu samari har sau uku, kafin na samu na shiga. Dariya muka yi ta yi, ba abin da ya ɓaci. Abin da ya faru bayan wata takwas shi ne ya hana ni barci.

Mai karatu na Najeriya ya san sunan Lagdo ko da bai taɓa taka ƙasarmu ba. Madatsar ruwa ce a kan Binuwai, sama da Garwa, aka gama ta a 1982. In damina ta yi ƙarfi tafkin ya cika, dole a buɗe ƙofofi a rage, ruwan kuwa ya biyo ta gabanmu ya shiga Adamawa, ya wuce har Lokoja. An yi maganar Najeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa don ta tare shi, har yau ba a gama ba. Ambaliyar 2012 ba wanda ya manta da ita a ɓangarorin biyu. Abin da ba a cika faɗa a can ba shi ne, mu ruwan yake fara tararwa.

A watan Satumba na 2022 aka miƙo min sanarwa da yamma, ina shirin shiga labarai. Jimla biyu ne suka ɗauki nauyinta. Ta farko ta ce za a saki ruwa ta hanyar da suka kira progressif. Ta biyu ta ce mazauna bakin kogi sont invitées, su bar wuraren da ruwa ke iya kaiwa. Da sauri na rubuta "ana gayyatar jama'a", sai na ga abin dariya ne. Gayyata ai ta biki ce da suna, ba a gayyatar mutum ya bar gonarsa. Na soke, na rubuta "ana shawartar jama'a". Progressif kuma na ce "sannu a hankali". Na shiga na karanta da muryar da ta dace, na fito ina jin na yi aiki mai tsabta. Ba ƙamus ɗin da zai kama ni da laifi.

Amma duk wanda ya taɓa karɓar takarda daga hukuma a ƙasar da ke aiki da Faransanci ya san cewa in aka ce an "gayyace" ka, ba zaɓi aka ba ka ba. In kwamishinan 'yan sanda ya gayyace ka ofishinsa, gara ka je da ƙafarka. Ladabin takarda ne kawai, umarni ne ya sa babbar riga. Na san wannan sarai, tun ina kan tabarmar Baba na san shi. Abin da ya faru shi ne idona na kan kalmar, hankalina bai je kan wanda zai ji ta ba.

Abokin aikina mai Fulatanci, dattijo ne da ya girme ni da kusan shekara ashirin kuma ba shi da difloma, ya shiga bayana da takarda iri ɗaya. Ina jin sa ta lasifikar ofis. Abin da ya faɗa, in na mayar da shi Hausa, shi ne: za a buɗe ruwa, zai yi ta ƙaruwa kullum, wanda ke bakin kogi ya tashi. A raina har na ce Malam ya cika zafafawa, ba haka aka rubuta ba.

Ina da kawu, wan mahaifiyata, a wani ƙauye tsakanin Lagdo da Garwa. Masara yake nomawa da shinkafa a fadama, yana kuma da 'yan awaki. Rediyonsa ba ta barin tasharmu, kuma in aka zo Hausa yakan ce wa mutane su yi shiru ɗansa zai yi magana. Bayan kwana shida Inna ta kira ni ta ce ruwa ya shiga wa Kawu da dare. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma masarar ta tafi, ɗaki biyu sun zauna, awaki huɗu ba a gan su ba.

Ranar Lahadi na hau babur na je. Na same shi a gindin wata bishiya a kan tudu, inda suka kafa rumfar zana, yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa jaje. Ya amsa, ya tambayi Inna da yara. Sai da aka kawo ruwa na sha sannan na ce, "Kawu, ba ku ji sanarwa ba ne?"

Ya ce, "Na ji mana. Ai kai ka faɗa."

Na yi shiru.

Ya ce, "Ka ce shawara ce. Ka ce sannu a hankali. To, ɗan nan, masara saura mako biyu a karya ta, wa zai bar ta saboda shawara? Maƙwabcina da ya ji ta Fulatanci ya kwashe kayansa tun washegari, har ina yi masa tsiya."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Da na fara ba shi haƙuri sai ya ɗaga hannu ya ce kada in ɗora wa kaina abin da Allah ya rubuta, ko da na ce a tashi, mai yiwuwa da ya tsaya don masarar. Wataƙila gaskiya ya faɗa, na san taurin kansa a kan gona. Wataƙila kuma sauƙi yake nema min, irin na manya. Amma awakin fa? Awaki ba sa jiran mako biyu, da an kora su tudu tun ranar.

A hanyar dawowa na yi ta juya "sannu a hankali" a bakina. A Faransancin injiniya, progressif na nufin yau kaɗan, gobe fiye da haka, jibi fiye da na gobe. A kunnen Bahaushe kuwa "sannu a hankali" kwantar da hankali ne, abin da ake faɗa wa mai gaggawa. Takardar tana cewa ruwa zai yi ta hauhawa, ni kuma na gaya wa mutane kada su damu.

Da na kai maganar taron safe na ofis, ba kowa ne ya goyi bayana ba, kuma ba zan ce masu ja da ni ba su da hujja ba. Wani babba a cikinmu ya ce aikinmu mu faɗi abin da aka rubuta, in muka fara "abin da suke nufi shi ne", gobe wani zai sa son zuciyarsa a bakin gwamna. Tsoron nan tsoho ne. Amadou Hampâté Bâ, marubucin nan Bafulatanin Mali, ya fitar da littafi a 1973 a kan Wangrin, tafintan zamanin mulkin mallaka wanda ya mayar da tsayuwarsa tsakanin Bature da talakawa hanyar tara dukiya da juya mutane. Kakanninmu sun ga irinsu da idonsu, shi ya sa har yau in tafinta ya yi doguwar magana bayan gajeriyar magana, sai ka ga ana kallon juna. Akwai kuma tsoron da ba a faɗa a taro: in ka ce "hukuma ta ba da umarni" alhali takarda ta ce "gayyata", ranar da abu ya ɓaci kai za a kira, kuma kai ma gayyatar ka za a yi.

Duk da haka ban yarda ba. Wanda ya ƙara gishiri don amfanin kansa daban, wanda ya faɗi nauyin magana yadda mai ita ya ɗora mata daban. Riƙe kalma a saki ma'ana shi ma cin amana ne, sai dai irin wanda ba a kama mutum da shi. Kuma ƙasar nan ta riga ta ga abin da raina fassara ke jawowa. A 2016, cikin koke-koken da lauyoyin yankunan masu Ingilishi suka fita yajin aiki a kansu har da rashin fassara dokokin kasuwanci na OHADA zuwa Ingilishi. Kowa ya san inda wannan rikici ya kai mu. In masu digiri da rigar lauya sun ji zafin a yi musu hukunci da harshen da ba nasu ba, ina ga tsohuwar da ke tsaye gaban alƙali tana jiran wani masinja da aka kira daga baranda ya gaya mata abin da aka yanke wa ɗanta? Na taɓa ganin uwa ta zube a kotu don ta ji "wata shida", tafintan bai san yadda zai faɗi avec sursis ba sai ya haɗiye shi, alhali yaron gida za shi, hukuncin je-ka-gyara-halinka ne. Na tuna kaina a kan tabarma.

Tun daga lokacin na sayi littafin rubutu mai bango baƙi. Duk kalmar da ta ba ni wuya ina rubuta ta, da abin da na faɗa, da abin da ya kamata in faɗa. Ni da Malam mai Fulatanci kuma mun yi yarjejeniya ba tare da sanin kowa ba: in sanarwa ta shafi rai ko dukiya, ruwa ne ko kwalara ko allurar yara, sai mun karanta wa juna kafin ɗayanmu ya shiga. Minti uku yake ci. Wani lokacin shi ke gyara ni, wani lokacin ni nake ce masa ya sassauta, don shi ma yakan wuce gona da iri. In lokaci ya ba ni dama nakan kira ofishin da ya aiko takardar in tambaya, dole ce ko shawara? Sau da yawa wanda ya ɗauki wayar mamaki yake yi, ya ce ai a rubuce take ƙarara.

Damina ta gaba wata sanarwar ta zo, da kalmominta iri ɗaya kamar an kwafe. Na shiga na ce za a buɗe ruwan Lagdo, zai riƙa ƙaruwa kowace rana, hukuma ta ce duk wanda ke bakin kogi ya tashi ya koma tudu da iyalinsa da dabbobinsa. Na maimaita sau biyu. Ina fitowa na ga kira uku a wayata, duk na Kawu. Na kira shi, muka gaisa.

Ya ce, "Na ji ka. Wannan karon shawara ce ko kora?"

Na ce, "Kora ce, Kawu."

Ya ce, "To. Awaki dai yanzu yara za su hau da su. Masara kuwa ka bar ni da ita zuwa Juma'a."