Kalma Ɗaya Da Kwamfutarmu Ta Faɗa Ba Da Saninmu Ba



Mu huɗu ne a nan Illela muke tattara kalmomin Sakkwatanci da muke tsinta ranar Lahadi a kasuwa, musamman a kara, daga bakin dillalan shanu da mutanen Ƙwanni masu tsallakowa. Da a waya muke ajiye su, har wayar ɗayanmu ta faɗa ruwa, aikin wata uku ya bi ta. Shi ne wani ƙanenmu mai karatun kwamfuta a Sakkwato ya koya mana Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Don masu rubuta manhaja aka yi ta, amma ta karɓi rubutunmu: tana riƙe kowane gyara, da wanda ya yi shi, da ranar da aka yi.

Rannan ya zo hutu, yana duba abin da ke wucewa tsakanin tsohuwar kwamfutarmu da sabar da ke ajiye mana aikin a intanet, sai ya nuna mana wani layi: git/2.49.0-Linux. Wai tun daga fitowar Git 2.49 a watan Maris na 2025, duk lokacin da ta gaisa da saba takan faɗi sunan tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ko Linux ne ko Windows. Kafin nan lambar fitowarta kaɗai take faɗa. Amfanin, in ji shi, masu kula da saba su san yawan masu amfani da kowane tsari, su kuma gane inda matsala take in ta taso.

Nan fa musu ya kaure. Babbanmu ya ce wannan ai ba komai ba ne, ko a bakin iyaka ana tambayar mutum daga ina, ya ce daga Illela, ya wuce. Gaskiya ne sunan tsarin kawai take bayarwa, ba ta faɗin lambarsa, ba ta faɗin sunan kwamfutar. Amma a bakin iyaka kai ne ke buɗe baki. A nan kuwa an amsa a madadinmu, wata da watanni, ba mu ma san an yi tambaya ba. Wannan ne ya tsaya mana a rai, duk da ƙanen namu ya nuna mana cewa da GIT_USER_AGENT mutum na iya sauya layin ya rubuta abin da ya ga dama.

Wadda ta fi kowa damuwa ita ce 'yar'uwarmu mai rubutu da sunan alƙalami, domin a gidansu ba a san tana rubuta labaran soyayya ba, kuma babi biyu na littafinta suna cikin ma'ajiyar nan tamu, wadda muka bari a buɗe don kowa ya gani. Ta ce a toshe layin nan take. Ƙanen namu ya yi shiru, sannan ya buɗe tarihin gyare-gyarenmu. Ga sunanta na yanka nan da adireshin imel ɗinta a kan kowane gyara, tun ranar farko. Mu da hannunmu muka shigar da su lokacin da muke saita manhajar, muna hira muna shan shayi.

A daren muka rufe ma'ajiyar, muka kwashe babin nata. Layin Linux ɗin kuwa har yau yana nan, babu wanda ya sake tuna a sauya shi.